Waɗanda suka taɓa raka mace asibiti bayan zubewar ciki, me kuka gani?

Maman Khairat, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Abin da ya sami 'yar maƙwabciyata ne ya sa na kawo wannan magana. Wani mai kemis ya ba ta ƙwayoyin zubar da ciki a ɓoye, ta kwana huɗu a ɗaki jini yana zuba, tana ce wa mahaifiyarta al'ada ce. Sai da jikinta ya yi zafi rau, zanin gadon ya fara wari, sannan uwar ta buga mini ƙofa da asuba. A cikin adaidaita sahu yarinyar ta suma a kan cinyata. An yi mata wankin ciki da ƙarin jini leda biyu, Allah ya yi da sauran kwananta.

Ungozoma, Kurna:
Hajiya, zazzaɓi da wari alama ce ta cewa wani abu ya maƙale a mahaifa, kuma ƙwayoyin cuta sun shiga. Ko ɓari ne ko zubarwa aka yi, maganin ɗaya ne: a zuƙe abin da ya rage da wani babban sirinji na hannu cikin 'yan mintuna, ko a ba da ƙwayar misoprostol, mai sa mahaifa ta fitar da abin da ya rage, idan cikin ƙarami ne, a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, amma ba ta hana a yi wa mai zubar jini magani ba, kuma ƙasashen da suka hallara a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 sun amince a kula da irin waɗannan mata ko ta yaya abin ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 45 cikin 100 na zubar da ciki a duniya ta hanya mai haɗari ake yin sa, kuma kusan dukansa a ƙasashe masu tasowa ne.

Abu Sadik, Dorayi:
Matata ɓari ta yi a wata na uku, amma a wani asibiti da ba zan ambata ba, ma'aikaciya ta tsare ta da tambayar me ta sha, a gaban mutane, alhali tana durƙushe tana riƙe da mara. Mai aure da mijinta a tsaye ke nan, ina ga budurwa? Ni da ƙanena muka ba da jini a daren.

Ummu Hafsat, Hotoro:
Ni an wanke mini cikin lafiya, sai dai babu wanda ya gaya mini cewa mace tana iya sake ɗaukar ciki cikin mako biyu bayan ɓari. Ban ƙara ganin al'ada ba sai laulayi, ga jinin jikina da na zubar bai gama dawowa ba. Anti ungozoma, a wurinku kuna yi wa mace bayanin tazarar haihuwa kafin sallama, ko sai ta tambaya?