"Zumunta a ƙafa take": ta dace da mutanen lardin Komarom da kogi ya raba?

Ɗalibin Budafest

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. 'Yar gardama ce ta shiga tsakanina da kawuna, na ce bari in kawo ta gaban masana.

Ina karatu a ƙasar Hungari. Makon jiya na hau jirgin ƙasa daga Budafest zuwa wani gari da ake kira Komarom, a bakin kogin Danub, kan layin dogon da ya nufi Biyana. Daga tasha na taka zuwa wata tsohuwar gadar ƙarfe da aka gina a 1892. Tsawonta bai kai rabin kilomita ba, amma kafin ka kai ƙarshenta ka bar Hungari ka shiga Slobakiya, garin da ke gabanka kuma sunansa Komarno. Ba wanda ya tsayar da ni, ba wanda ya ce in nuna takarda. Ga tsofaffi a kan keke, ga mata da jakar cefane, wasu na zuwa wasu na dawowa. A ƙetaren ma yaren Hungari na fi ji a kan titi, kuɗi ne kawai ya canja daga forint zuwa yuro.

Ashe a da gari ɗaya ne, kuma shi ne hedikwatar wani lardi na tsohuwar masarautar Hungari, lardin Komarom. Kogin ta tsakiyar lardin ya ratsa. Bayan yaƙin duniya na farko aka mai da kogin iyakar ƙasa, lardin ya rabu biyu, garin ma haka.

Na tura wa kawu hoton gadar, na rubuta a ƙasansa: "Zumunta a ƙafa take." Sai ya kira ni ya ce na ɗora magana a inda ba wurinta ba. A cewarsa, tuni ne da ake yi wa ɗan'uwan da ya yi nauyin ƙafa, mutanen da hukuma ta raba kuwa ba su yi laifin da za a faɗa musu ita ba. Ni kuma abin da idona ya gani, ƙafa ce take aikinta. Wa ya fi gaskiya?

Tsohon Malamin Hausa

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kawunka ya san inda aka fi faɗar maganar. Ka je gidan gwaggonka bayan shekara biyu ba ta gan ka ba, kana cewa wallahi kuna raina, sai ta ce maka zumunta a ƙafa take. Wato ba ta karɓi ta fatar baki ba. Wasu kan ce "zumunci a ƙafa yake", duk ɗaya ne.

Sai dai akwai wani wurin da ake faɗarta. Idan baƙo ya taso daga nesa ya zo maka gaisuwar rasuwa ko barka, kana yi masa sannu da hanya, yakan ce ba komai, ai zumunta a ƙafa take. A nan ba gori ba zargi, bayani ne na dalilin da ya sa ya sha wahalar tafiya. A wannan gurbin hotonka ya zauna. Da a ce gadar a rufe take ka rubuta haka, da na bi bayan kawunka.

Mai Koyar da Tarihi

Allah ya gafarta Malam, kafin a yanke hukunci ina so a san wurin da kyau, domin akwai gyara kaɗan a bayanin ƙanenmu.

Asalin garin, da ganuwarsa da manyan coci-cocinsa da gidan hukumar lardi, duk a arewacin kogin suke, ɓangaren da yau yake Slobakiya, daidai inda kogin Bag ke zuba cikin Danub. Na kudu ƙaramin gari ne da ake kira Ujson, sai a 1896 aka haɗe shi da Komarom, shekara huɗu bayan gina gadar. Gadar ce ta mai da su gari ɗaya. Saboda haka da aka raba, Hungari ta tashi da sunan da ƙaramar unguwa, uwar garin ta tafi.

Lardin kansa kuwa tsoho ne ƙwarai, yana cikin waɗanda ake dangantawa da zamanin Sarki Istiban na Ɗaya, wanda aka naɗa wajen shekara ta 1000. Kalmarsu ta lardi, barmeje, daga kalmar ganuwa ta samo rabinta, kamar dai a ce birni da ƙasar da yake riƙe da ita. Arewacin kogin fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ƙasar alkama, har da gabashin wani makeken tsibiri da Danub da rassansa suka kewaye. Kudu kuma akwai tuddai, da garin Tata mai tafkuna, da kwal a Tatabanya, da gidajen kiwon dawaki na Babolna da Kisber. A ƙidayar 1910 mutanen lardin sun kai wajen dubu 200, mafi yawansu masu yaren Hungari. Arzikin birnin a kan ruwa yake: fataucin hatsi da katako a jiragen ruwa.

Sojojin Cakoslobakiya, ƙasar da Slobakiya take cikinta a lokacin, sun shiga arewacin garin a farkon 1919. Ranar 4 ga Yuni 1920 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tiriyanon a Faransa, wadda ta raba Hungari da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. A 1923 aka haɗa guntun da ya rage a kudu da guntun lardin Estargom da ke maƙwabtaka da shi, shi ma kogin ne ya raba shi. Lardin da yake wurin a yau tun 1990 sunansa Komarom-Estargom, hedikwatarsa Tatabanya.

Ɗan Kasuwar Kwari

To ni a ganina duk an kauce. Maganar da ta dace da wannan labari ita ce "sarki goma, zamani goma." Lardi abin sarauta ne, wani ya shata shi, wani ya goge. Na karanta cewa tun zamanin Rumawa wannan kogin iyaka ne, suna da sansani a bakinsa na kudu. Ka ga kenan abu ya koma yadda yake tun farko. Mene ne na jawo zumunta ciki?

Mai Koyar da Tarihi

Gaskiya ne Alhaji, sansanin sunansa Birigetiyo, a can ma Sarkin Rum Balentiniyan na Ɗaya ya rasu a shekara ta 375. Amma tsakanin Rumawa da 1920 akwai wajen shekara ɗari tara da mutanen gaɓar nan biyu suke ƙarƙashin lardi ɗaya, kotu ɗaya, kasuwa ɗaya, suna aurayya. A tsawon wannan lokaci kogin hanya ne. Ba a goge wannan da cewa Rumawa sun taɓa kafa sansani.

Hajiya ta Jibiya

Alhaji, ka yi haƙuri, wanda bai zauna a bakin iyaka ba shi ke cewa mene ne na jawo zumunta. Ni ƙanwar mahaifiyata a Maraɗi take aure. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, mun ga abin da ake nufi da ƙafa. Waya muna yi, amma aka yi rasuwa ban samu zuwa ba sai bayan an share makoki. Da na je, ba wanda ya yi min gori, sun san dalili. Ni ce na faɗa wa kaina maganar, kuma ta yi min ciwo.

Shi ya sa nake ganin Malam da kawun yaron nan duk sun bar wani abu a baya. Karin maganar tana gaya maka inda ake ajiyar zumunta. Wanda ya tare ƙafa ya san abin da ya tare. Ba sai an yi ƙiyayya ba: shekara goma, ashirin, manya su mutu, yaran da suka taso ba su san fuskar juna ba, shi kenan ta tsinke. Ɗana, mutanen can sun daɗe a rufe?

Ɗalibin Budafest

Allah ya jiƙan wadda ta rasu, Hajiya. Gadar Komarom ana wucewa amma da fasfo da bincike, har a zamanin da ƙasashen biyu suke tafiyar kwaminisanci tare. Sai a Disamban 2007 aka ɗauke masu binciken, bayan duka biyun sun shiga Tarayyar Turai a 2004. Wadda ta fi ban tausayi ita ce gadar Estargom da ke gaba kaɗan: sojojin Jamus suka fasa ta a ƙarshen 1944, ba a sake gina ta ba sai 2001. Shekara 57 mutane suna hangen juna, sai dai a jira jirgin fito.

Ɗan Kasuwar Kwari

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, na karɓi wannan. Amma tambaya ɗaya: tunda masu yaren Hungari ne suka fi yawa a arewan, ba a taɓa mayar musu da abinsu ba? Ai mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe.

Mai Koyar da Tarihi

An taɓa, Alhaji, kuma labarin ne ya sa nake tsoron wannan karin magana idan ana zancen ƙasa. A Nuwamban 1938, a wani hukunci da Jamus da Italiya suka yanke a Biyana, aka mayar wa Hungari arewacin lardin, garin ya sake haɗewa. Mutane da yawa sun yi murna. Amma a cikin waɗannan shekarun ne, a 1944, aka tattara Yahudawan garin da na ƙauyuka, waɗanda su ma a nan aka haifi iyayensu, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Aushwis, sansanin kisa na 'yan Nazin Jamus. Da yaƙi ya ƙare a 1945 iyaka ta koma kan kogi, sai kuma abin ya juyo kan masu yaren Hungari: aka kwashe wasu zuwa aikin dole a yankin Cek, aka yi musayar jama'a tsakanin ƙasashen biyu a 1947 da 1948, dubban iyalai suka bar gidaje da gonaki da kaburburan kakanninsu.

Kowane zagaye akwai wanda ya ce shi ne mai wuri, kuma wanda aka ce ya naɗe tabarma a nan aka yanke masa cibiya. Maganar ta yi daidai a masallaci ko a rumfar kasuwa, inda kowa ya san mai wurin. Ka ɗauke ta ka kai kan garin da kakannin kowa suke kwance a ciki, ta zama wuƙa.

Tsohon Malamin Hausa

Wannan gargaɗi ne mai kyau, Malam. Karin magana tana da iyakar gonarta. Ita wannan ana faɗarta ne ga wanda ya san aro ya yi.

Hajiya kuma kin ƙara min ilimi. Shekaru ina koyar da wannan magana a aji a matsayin umarni: tashi ka je. Ban taɓa juya ta na dubi wanda aka hana tashi ba.

Yar Zariya

Ni tambayata daban ce. Su mutanen garin ba su da tasu maganar a kan abin da ya same su?

Ɗalibin Budafest

Yaya, a kan rabuwar ban ji ba, amma akwai ta ganuwarsu. A jikin ganuwar akwai mutum-mutumin wata budurwa na dutse, da rubutun Latin da ke nufin "ba da dabara ba, ba da yaƙi ba", wato ba a cin wannan wuri. Suna alfahari da haka: Turkawan Usmaniyya sun kewaye ta a 1594 ba su ci ba, a 1849 kuma, lokacin tawayen da Hungari ta yi wa Ostiriya, Janar Kalapka ya riƙe ta har bayan sauran rundunonin sun ajiye makamai, bai fita ba sai da aka yi sulhu aka ba mutanensa aminci. Har akwai masu cewa sunan garin daga Jamusanci ne, "zo gobe", abin da ake gaya wa maƙiyi a bakin ƙofa. Wannan kam zancen baka ne, sunan ya girmi labarin.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ganuwar ma an raba ta. Tsohuwar da sabuwar suna Slobakiya, manyan sansanoni uku na tsaronta suna Hungari.

Hajiya ta Jibiya

To ka gani. Yanzu da aka buɗe, lafiya lau suke?

Ɗalibin Budafest

Galibi lafiya, Hajiya. Tun 2004 akwai jami'a a Komarno da ake koyarwa da yaren Hungari, a 2020 kuma an buɗe sabuwar gada a yammacin garin saboda manyan motoci. Amma tabon bai gama warkewa ba. A Agustan 2009 shugaban ƙasar Hungari na lokacin, Laslo Solyom, ya taso zai halarci buɗe mutum-mutumin Sarki Istiban a Komarno, gwamnatin Slobakiya ta ce kada ya shigo. A kan wannan gadar da na taka ya tsaya, ya yi magana da 'yan jarida, ya juya.

Ɗan Kasuwar Kwari

Ikon Allah. Shugaban ƙasa an tare shi, mai cefane ta wuce.

Tsohon Malamin Hausa

Ɗana, ka koma ka gaya wa kawunka cewa ya yi daidai a kan wanda ake faɗa wa maganar, amma kai ba mutanen da aka tare ka faɗa wa ba, waɗanda ka gani suna tafiya ka yi wa shaida. Ka kuma karanta masa abin da Hajiya ta rubuta, ina son in ji me zai ce.

Ɗalibin Budafest

Na karanta masa yanzu, Baba. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni yaushe rabona da kiran gwaggona ta Zinder, kuma in na zo hutu ko zan je. Na ce masa zan je in Allah ya yarda. Ya ce a bar hoton yadda yake.