Rawar ƙugu tana rage tumbi kuwa, ko wahalar banza nake?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Wata tara kenan da haihuwata, tiyata aka yi min, har yau tumbin nan ya ƙi komawa, gudu kuma da tsallen igiya ba na iyawa saboda gwiwata ta dama. Shi ne na fara bin bidiyon rawar Larabawan nan a YouTube wadda ake juya ƙugu da ciki, minti 15 kullum in yaro ya yi barci. Yau sati uku sikeli ko gezau, sai ma wani ciwo da ya ɓullo min a ƙasan baya. Wai da gaske tana rage tumbi ko in haƙura?

Maman biyu:
Wa alaikis salam. Sati uku fa kika ce hajiya, cikin da ya yi wata tara yana buɗewa 😂

Wata 'yar uwa:
Ni shekara ta uku kenan ina yinta, kuma ciwon bayan nan na san shi, tsayuwarki ce. Yawancinmu da muka koya a waya sai mu turo mazaunai baya mu gantsare, mu kuma sandare gwiwa, to duk juyin da za ki yi a haka kan ƙashin baya yake sauka. Ki tsaya gaban madubi ta gefe, ƙafa ba takalmi, ki ɗan saki gwiwoyin, ki bar ƙugun ya sauka daidai ƙarƙashinki, ƙirji a ɗage. Sannan karkarwar nan da suke cewa shimi, ba ciki ake kaɗawa ba sam, gwiwa ce ɗaya ta lanƙwashe ɗaya ta miƙe da sauri sai ƙugu ya bi. Ɗaga kwankwaso gefe guda kuma aikin tsokar gefen ciki ne da ta mazaunai. Ni wlh wata biyu na yi ina girgiza tumbi kamar mai jin sanyi kafin na gane. Ki ajiye juyin nan mai kama da lamba 8 da na murɗa ciki sai bayan ya lafa.

Anti, ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata bari in faɗa miki wadda ba za ki so ji ba. Babu atisayen da ke zaɓar kitsen waje ɗaya ya narkar, ko rawa ko sitof (kwanciya rigingine ana ɗagowa zaune), jiki daga ko'ina yake cire kitse idan abin da kike ƙonawa ya fi wanda kike ci, kuma ba ke za ki zaɓa masa inda zai fara ba. Abin da rawar ke yi shi ne ƙarfafa tsokar ciki da baya da cinya, ga shi ba tsalle a ciki, shi ya sa take da sauƙi ga mai gwiwa. Amma yi lissafi, minti 15 sau 7 ya kama 105, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma minti 150 zuwa 300 na motsa jiki ta ce a sati ga babba, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Shi ma sai wanda ya sa ki haki, kina iya magana amma waƙa ta gagare ki. Tsayawa ana koyon juyi ɗaya a hankali bai kai nan ba.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Ki kwanta rigingine ki lanƙwashe gwiwa, ki ɗan ɗago kai, ki danna yatsu a saman cibiya. In kika ji rami tsakanin tsokokin biyu da ya fi faɗin yatsa biyu, to rabuwar tsoka ce ta goyon ciki, tana sa ciki ya turo ko mace ba ta da ƙiba, tana kuma kawo ciwon baya. Wannan likitan fisiyo za ki gani, wato mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye.

Mai karance-karance:
Sunan ne ma ke yaudarar mutane, Turawa ne suka ce mata rawar ciki, a Masar raƙs sharƙi suke cewa, wato rawar gabas. Ki nemo tsofaffin finafinansu na shekarun 1940 da 1950 lokacin su fitacciyar 'yar rawa Tahiya Kariyoka ki gani, akwai masu jiki sosai a cikin gwanayen.

Maman biyu:
Ni dai abin da ya riƙe ni daɗinta, injin gudu kwana goma na yi na watsar. Ki rabu da sikeli ki riƙa auna ƙugu da tef sau ɗaya a wata.

Mai tambaya:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Anti, na gwada yanzun nan, yatsa uku suka shige 😭 zan je asibiti cikin satin nan in sha Allah. Kafin nan in ci gaba da shimin ko in tsaya gaba ɗaya?

Anti, ma'aikaciyar jinya:
Tunda bayan na ciwo ki dakata tukuna, ki riƙa tattaki. In kin je ki nuna musu bidiyon a wayarki su faɗa miki wanda za ki ci gaba da shi.