Don Allah a ba ni shawara kan kwanon rufi da yadda zan biya kuɗin kaya

Assalamu alaikum jama'a. Gidan haya ne da muka gada a Kano, ɗaki huɗu ciki da falo ɗaya, rufin duk ya yi tsatsa yana yoyo kuma ga damina na matsowa, 'yan haya sai kira suke kuma gaskiya suna da haƙƙi, akwai masu ƙananan yara a ciki.

Kafinta ya ce in sa kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 wai ba ya tsatsa, yayana kuma ya ce gidan haya ne kawai a sa kwanon zinc a huta tunda ya fi araha. To alminiyam mai kaurin 0.45 fa, zai jure iskar farkon damina ko yayewa zai yi? Kuma ta yaya zan gane ba a ba ni mara kauri da sunan mai kauri ba, don ni da ido ba na bambancewa.

Abin da ya fi damuna shi ne biyan. Kuɗin ba su cika ba, mai shago ya ce in riƙa ajiyewa a wajensa kaɗan kaɗan amma farashin ranar ɗauka za a yi, ba na ranar biya ba. Siminti kuma in na saya na ajiye tsoro nake ya sha danshi ya daskare kafin birkila ya zo. Ɗaya daga cikin 'yan hayan ya ce zai ba da kuɗin shekara biyu a gaba a cire a haya, wannan in an rubuta da shaidu ya wadatar? Wanda ya taɓa yin irin wannan aikin don Allah ya taimaka min. Na gode.