Nisan Sakkwato zuwa Jidda a jirgi: abin da aka tattaro

Jama'a, maganar da aka yi ta tattaunawa a kan nisan Sakkwato zuwa Jidda da awannin da jirgi ke ɗauka ta yi tsawo, ga abin da na tsinta a ciki.

1. Nisan dai babu gardama, Sakkwato zuwa Jidda kusan kilomita 3,700 ne in aka ja layi a miƙe, Madina ta ɗan fi da kaɗan.

2. A kan awannin tafiya ne aka rabu. Tsofaffin alhazai sun ce wajen awa biyar ne, masu zuwa kwanan nan suka ce a'a, tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage kewayawa suke yi, dole lokaci ya ƙaru. Ni a ganina duka biyun gaskiya suka faɗa.

3. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, nan lissafin mutane da yawa ke rikicewa.

4. Tashi kai tsaye daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato sai lokacin Hajji, mai Umra ya nufi Kano ko Abuja. Wasu sun fi son bi ta Alkahira, wasu Addis Ababa, ba a daidaita ba.

5. Mai wucewa Makka kai tsaye ya sa haraminsa a jakar hannu.