Neman Shawara: An Ce 'Yan Mata Su Tura Hoto Kafin Su Gaishe da Mawaƙi a Masaukinsa

Anti, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙon 'yar yayata, shekarunta 16. Tana cikin wani gurup na WhatsApp na masoyan wani mawaƙi daga gida Najeriya, ba zan kama suna ba. "Baba" suke ce masa, kuma duk wata kowace tana biyan kuɗin ƙungiya. Kwanan nan mata biyu suka fito a TikTok suka ce ya yi musu alkawarin sa su a bidiyo, ya ci zarafinsu. Shugaban gurup ya ce kowa ya je shafin matan ya zage su, wanda ya ƙi a cire shi. Na ga abin da yarinyar nan ta rubuta wa ɗayarsu, bakina ba zai iya maimaitawa ba. Yanzu kuma wai zai zo Umra, za a zaɓi 'yan mata su gaishe shi a masaukinsa a Makka, kowace ta tura hotonta ba mayafi. Da na yi magana sai ta ce ni ma na zama maƙiyiya. In ƙwace wayar ne, ko in fallasa shi?

Malamar Islamiyya, unguwar Misfala, Makka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki fara da ƙwace waya. Irin waɗannan ƙungiyoyi tun da wuri suke cusa wa yara cewa iyaye ba za su gane ba, za su yi ƙoƙarin raba ku da Baba. Ranar da kika ƙwace, kin gaskata musu maganarsu, ita kuma za ta ari wayar ƙawa ta ci gaba a inda idonki bai kai ba.

Abin da ba a ciniki a kansa biyu ne: ba hoto, ba zuwa otal. Ki faɗa mata su a fili, sau ɗaya, ba tare da kin zagi mawaƙin ba. Ko da a ce waliyyi ne, babu dalilin da zai sa a nemi hoton yarinya 'yar 16 ba mayafi kafin gaisuwa. Wanda ke son gaisawa da masoya yana yi ne a bainar jama'a, iyaye na tsaye.

Bayan haka ki riƙa tambaya maimakon wa'azi. Wa ke riƙe kuɗin? An taɓa nuna muku lissafi? Wadda ta yi tambaya a gurup, me aka yi mata? Yarinya ta fi yarda da amsar da ta fito daga bakinta. Kuma ki tambaye ta a hankali, ku biyu kaɗai, ko ta riga ta tura wani abu. Ki rantse mata ba duka, ba kai ƙara wajen dangi, ki kuma cika. Tsoron tonon asiri shi ne igiyar da ake ɗaure su da ita.

Ɗan'uwa mai gyaran waya, Jidda:
Anti, kafin ta fita daga gurup ɗin a adana shaida, don in aka cire ta ko suka goge saƙonni an yi asara. A buɗe gurup, a zaɓi fitar da hira, a tura zuwa imel ɗinki. A ɗauki hoton allo yadda lambar mai saƙon da rana da lokaci za su fito, sunan da aka adana shi da shi kaɗai ba ya wadatarwa. A duba ko sun kunna saƙo mai ɓacewa, wanda ke gogewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Saƙon gani-sau-ɗaya WhatsApp ba ya barin a ɗauki allonsa, sai a ɗauka da wata wayar. Rasit na kuɗin da ta tura shi ma a ajiye.

Idan ta riga ta tura hoton da bai dace ba, kada ki tura wa kowa, ko 'yar'uwarki, ko da sunan shaida. Akwai shafin Take It Down na 'yan ƙasa da 18, yana ɗaukar tambarin hoton ne kawai daga wayar, hoton kansa ba ya fita, sai Facebook, Instagram da TikTok su toshe shi in an ɗora. Daga nan a gyara saiti yadda ba mai iya jefa ta wani gurup sai wanda ke cikin lambobinta.

Alhaji, ma'aikacin ofishin lauya, Riyad:
Hajiya, maganar fallasa ki ajiye ta gefe. Nan ba gida ba ne. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007, sashe na 3, ta sa ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar da za ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta waya ko kwamfuta. Wannan sashen zai iya hawa kanki idan kika kama sunansa kika ce ya aikata, zai kuma iya hawa kan yarinyar saboda zagin da ta yi wa matan. Ga baƙo, hukunci kan zo da tarhil, wato kora daga ƙasar. Don haka bayan an adana shaida, ta goge zaginta yau, kada ta ƙara.

Abin da ke hannunki da hujja shi ne neman hoton. Dokar hana cin zarafi ta 2018 ta haɗa har da wanda aka yi ta waya: ɗaurin da zai kai shekara biyu ko tarar da za ta kai riyal 100,000, idan kuma yaro aka yi wa, ya kai shekara biyar ko riyal 300,000. Ana kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sandan unguwa, su miƙa wa niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara. Idan aka fara yi mata barazana da hoto, 1909 ne layin masu yaƙi da wannan, kuma kada a biya ko halala ɗaya, wato ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake. Layin taimakon yara 116111. Kuɗin wata-watan nan ma abin dubawa ne, tara gudummawa ba lasisi laifi ne a ƙasar nan.

Malam, Madina:
Ina da ɗan gyara. Mu ji tsoron Allah, har yanzu zargi ne. Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a yi bincike, Suratun Nur aya ta 4 ta yi tsanani a kan ƙazafi. An sha ɓata mutane don hassada. Amma ayar ta hau kan masoyan ma: wanda ya kira matan nan da sunan banza ba shaida, shi ma ƙazafin ya yi. Kuma hana yarinya keɓewa da namijin da ba muharraminta ba bai jira a tabbatar da laifin kowa ba.

Yaya, Makka:
Malam ya yi gaskiya, sai dai kada "zargi ne" ya zama bargon rufa. Yawan masoya ba shaidar tsarki ba ne. Mawaƙi R. Kelly a Amurka kotu ta wanke shi a 2008, a 2019 wata mata mai goyon bayansa ce ta biya belinsa dala 100,000, amma a 2022 aka ɗaure shi shekara 30. Jimmy Savile, mai gabatar da shirin talabijin a Ingila, ya mutu a 2011 ana yabonsa da aikin agaji, bayan nan ɗaruruwan mutane suka fito suka ce ya ci zarafinsu. Mawaƙi Saad Lamjarred na Maroko, wanda yaranmu na nan suka sani sarai, kotun Faris ta yanke masa shekara shida a 2023 kan fyaɗe, ya musanta ya ɗaukaka ƙara, masoyansa kuma suka yi ta zagin matar.

Anti, ki lura da yadda gurup ɗin ke aiki, don shi ne ainihin cutar. Ana ba wa yarinya muƙami da suna, a yabe ta gaban kowa in ta yi zagi mai zafi, a kunyata wadda ta yi shiru. Zagin nan da aka sa su ba don matan kaɗai ba ne. Yarinyar da ta kira wata maƙaryaciya a bainar jama'a, idan abin ya zo kanta gobe, da wane baki za ta yi magana? Kuma sau da yawa mawaƙin ma bai san shugaban gurup ba, wani ne kawai ke cin kasuwarsa da sunan. Wannan bai rage haɗarin ba, ƙara shi ya yi.

Ki nemi iyayen ko da yara biyu na gurup ɗin, ta waya ko ido da ido, ba a rubuce ba. Yara uku sun fi saurin fita tare a kan ɗaya ita kaɗai, don abin da take tsoron rasawa ƙawaye ne.

Anti, Jidda:
Allah Ya saka da alheri. Mun zauna, ta ce ba ta tura hoto ba tukuna, kuma na adana hirar. Matsala ɗaya: igamarta, wato katin izinin zamanta a Saudiyya, ta ƙare, ana kan sabuntawa. Ina tsoron in je wurin 'yan sanda abin ya juyo kanmu.

Alhaji, Riyad:
Tsoronki na kan hanya, kuma da shi masu irin wannan aiki ke dogara, shi ya sa suke zaɓen yaranmu. Kada ki kai ta ofis kai tsaye. Ki fara kiran 116111 ki nemi shawara, sannan ki je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda da fasfonta da takardar da ke nuna ana sabuntawa, ko ki ga lauya mai lasisi. Kulluna Amn na neman lambar igama, don haka babba mai igama mai rai ne zai shigar, ke ko wani uba daga cikin iyayen sauran yaran. Ki gaggauta sabuntawar, kuma a kwanakin da aka ce zai iso Makka kada ta fita ko'ina sai da ke.