Jinyar Mai Taɓin Hankali a Ƙauye: Shawarwarin Masu Fama

A wata tattaunawa tsakanin masu jinyar masu taɓin hankali a ƙauye, kukan da suka fi yi shi ne nisan asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Na Kano yana Dawanau. Mutumin ƙauye sai ya sayar da akuya kafin ya haɗa kuɗin motarsa da na ɗan rakiya.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada a yanke magani wai don an ga mara lafiya ya fara barci yana amsa gaisuwa, a nan ciwon ke dawowa. A adana kati, a roƙi likita maganin da zai kai ranar komawa, a tambaye shi ko babban asibiti mafi kusa zai iya ci gaba da dubawa.

Kan ruƙiyya an ja, amma galibi sun ce a haɗa da asibiti. Gidan mari kuwa babu mai goyon baya, bayan azabtarwar da aka bankaɗo a wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, a 2019.

Mata sun ce a raba kwanan jinya. Sau da yawa uwa ake bar wa komai, ga tsegumin maƙwabta, ga manema 'yarta sun ɗauke ƙafa.