Wa ya kashe tashar Speed?

Bakanike: Jama'a, ina da magana kuma ina nan a kanta. Tashar talabijin ta Speed ta Amurka, mai nuna tseren motoci, ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba, kamfanin Fox ne ya yanka ta da ranta. Ranar Asabar 17 ga Agusta 2013, ƙarfe 6 na safe agogon gabashin Amurka, mai sharhin tsere Mike Joy ya yi wa masu kallo ban kwana, sai ga Fox Sports 1, tashar wasanni iri-iri, a gurbinta. Akwai talabijin rataye a bangon garejin da nake aiki, shekara da shekaru ba a canza masa tasha ba. Ranar nan maigidana da kansa ya kashe shi.

Direban Tirela: Yaya Bakanike, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ɗan kasuwa ba ya yanka saniyar da yake tatsa. Da masu kallo sun ishe su, da har yau tana nan.

Bakanike: Tashar da take shiga gidaje sama da miliyan 80 ce babu masu kallo?

Direban Tirela: Shiga gida daban, kallo daban. Tana cikin kunshin tashoshin da ake biya duk wata, ko ka kunna ko ba ka kunna ba.

Malama: To ai nan maganar take, Malam Direba, kuma hujjar taka shi take taimaka wa. Kamfanonin kebul suna biyan kowace tasha wani abu a kan kowane gida. Tashar wasanni iri-iri ta fi ta tsere kaɗai tsada a wannan ciniki. Fox na son yin gogayya da ESPN, babbar tashar wasanni ta Amurka, kafa sabuwar tasha kuma a shigar da ita gida-gida aiki ne na shekaru. Sai suka duba, ga Speed ta riga ta shiga. Filin suke so, shi ya sa suka rushe ginin.

Kawu: Ku yara duk kuna kallon ranar jana'iza, kun manta da jinya. Ni na san ta tun tana Speedvision, wadda Roger Werner, tsohon shugaban ESPN, ya kafa, ta fara aiki a ƙarshen 1995. A lokacin har jiragen sama da kwale-kwalen tsere da babura ake nunawa. Fox ya saye ta a 2001, shekarar da ya fara nuna NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, aka sauya mata suna zuwa Speed Channel a Fabrairun 2002. Daga nan komai ya koma NASCAR, safe da yamma. Sannan aka cika dare da shirye-shirye irin su Pinks, inda wanda aka tsere wa yake rasa motarsa. Wanda ya zo don tseren daji ko na Turai ya fara ja da baya tun a nan.

Direban Tirela: Kawu, da girmanka, NASCAR ɗin nan shi ya riƙe tashar. Ina ratsa Carolina ta Arewa da tirela, a Charlotte hedkwatar tashar take a lokacin, kuma duk wurin cin abincin da na tsaya abin da ake kallo ke nan. Ba don shi ba, da ba ta kai 2013 ba.

Kawu: Ban musa ba, ɗana. Ya riƙe ta, ya kuma canza ta.

Bakanike: Amma ba ta mutu ba, Kawu. Har 2012 tana nuna Formula 1. Ranar Lahadi in na idar da sallar asuba, sai in haɗa shayi in zauna, saboda tseren Turai da sassafe yake zuwa mana. Bob Varsha da David Hobbs da Steve Matchett ke sharhi. Shi Matchett tsohon bakaniken ƙungiyar Benetton ta Formula 1 ne, in mota ta shigo canjin taya yana gaya maka abin da hannun kowa yake yi, da dalilin da noti ɗaya zai cinye daƙiƙoƙi. A wurinsa na fara fahimtar yadda zafi yake cin birki. Ga tseren awa 24 na Le Mans, ga gwanjon tsofaffin motoci na Barrett-Jackson.

Malama: Formula 1 ɗin ma tashar NBC ta karɓe daga 2013, kafin a rufe tashar.

Bakanike: Ni a ganina su Fox sun sake shi ne don sun riga sun san inda suka dosa.

Direban Tirela: Wannan zato ne, Yaya. NBC ta yi tayi, ta samu. Kuma NASCAR bai ɓace ba, ya ci gaba a Fox Sports 1.

Bakanike: Ranar tsere ya ci gaba. Ina shirin Dave Despain na daren Lahadi, Wind Tunnel, da mutane ke bugo waya a yi ta musu kan tsere? Tare da tashar aka rufe shi.

Kawu: Wannan kam na yi kewarsa. Direba, amsa masa wannan.

Direban Tirela: A kan Despain ba ni da ja. A kan sauran ina nan inda nake.